Gaisuwar da Ta Ci Gwiwar Maiɗakina

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zai iya ɗauke wani hantsi guda da ya same ni a tsakar gidana a Daura. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya, hasali ma addu'a aka yi aka shafa. Amma a wannan ɗan lokacin ne maiɗakina ta rasa damar da Allah ya kawo mata ta warkewar gwiwarta, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki. Na daɗe ina ba da labarin nan ta yadda zan fita fes. Yanzu da furfura ta gama cin gemuna, na ga gara in faɗe shi yadda ya faru.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare, shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ni mutum ne mai son a ce ya sani, wannan ba zan ɓoye ba. In ana hira a majalisa aka taɓo maganar ciwo, to kowa ya san bakinsa ya mutu, don sai na zayyano sunan cutar da Turanci da asalinta da maganinta. Abokaina har tsokanata suke yi da likitan da bai taɓa riƙe allura ba, ni kuwa a raina daɗin sunan nake ji.

Maiɗakina ɗinki take yi a gida da keken ƙafa, kuma matan unguwarmu sun san hannunta. Tun tana goyon ɗanmu na biyu ta faɗo daga kan babur a hanyar ƙauye, yashi ya kwashe tayar, ta bugu a gwiwar dama. Aka gasa mata da ruwan zafi, aka shafa man kaɗanya, bayan sati biyu ta miƙe kowa ya manta. Sai da ta doshi shekara arba'in ciwon ya dawo neman haƙƙinsa. Da farko in ta daɗe a kan keke ne gwiwar ke kumbura. Daga baya ko tashi za ta yi daga tabarma sai ka ji ƙara a cikin gaɓar, kamar ana taka tsakuwa. Mutane suka ce sanyi ne. An sha sassaƙe, an shafa man zafi kala-kala, wanzami ya yi mata ƙaho har sau biyu, duk da ina ta surutun cewa ba na so. Ita kuwa ba mai ƙorafi ba ce, in ka tambaye ta sai ta ce da sauƙi. Ranar da na shigo bayan la'asar na tarar da ita ta yi sujada ta kasa ɗagowa, tana dafe da ƙasa hawaye na zuba a kan darduma, ranar na san maganar ta wuce man zafi.

Daga asibitin garinmu aka tura mu wani babban asibiti a Kano, wurin likitan ƙashi. Mutum ne mai natsuwa, ɗan arewa kamar mu, ba ya gaggawar magana. Bayan an ɗauki hotuna ya duba, ni na gyara zama ina jiran ya yi mini bayani da Turanci in fassara mata, sai ya juya wurinta ya yi mata da Hausa tsantsa.

"Hajiya, in kina gyaran ƙafar akuya, kin lura da farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashi a wurin gaɓa?"

Ta ce, "Guringuntsi."

Ya ce, "Yawwa. Shi ne ke hana ƙashi gogar ƙashi. Naki ya cinye a wuri ɗaya, faɗinsa bai fi kan babban yatsa ba, tun daga waccan faɗuwar yake zaizayewa a hankali. Matsalarsa ita ce jini ba ya ratsa shi, shi ya sa ba ya tofowa da kansa yadda fata ke yi."

Ya ce an yi sa'a sauran gwiwar bai lalace ba tukuna, don in duk ta cinye, wannan aikin ba ya amfani. Ya bayyana mana yadda zai yi. Ba zai tsaga gwiwar ba, ƙofofi biyu ƙanana zai huda, ya zura wani siririn ƙarfe mai ido ta ɗaya yana kallon ciki a allon talabijin, ya yi aiki ta ɗayar. Zai kankare wurin da ya cinye, sannan ya yi wa ƙashin da ke ƙasa 'yan huje-huje da tsinke. Jini da ɓargo za su tsattsafo ta hujin su kwanta a cikin ramin su daskare, daga wannan gudan jinin ne sabon guringuntsi zai samu a hankali cikin watanni. Bai yi mana romon baka ba, ya ce abin da zai fito ba zai kai wanda aka halicce ta da shi ƙwari ba, amma in ya kama zai iya ba ta shekaru masu yawa tana tafiya da ƙafarta, tana salla yadda ta saba.

Daga nan sai fuskarsa ta canza. Ya ce aikinsa shi ne mai sauƙin, mai wuyar a gida yake. Ya ce wannan jinin tamkar madara ce da aka zuba wa tsami aka rufe don ta zama kindirmo, in aka girgiza ƙwaryar kafin ta kama, an yi asararta. Sati shida ba za ta ɗora nauyi a kan ƙafar ba, da sanduna biyu za ta riƙa tafiya. Za ta riƙa lanƙwasa ƙafar a hankali tana kwance, yadda masu gashin ƙashi za su koya mata, amma tsuguno da durƙuso babu su ko kusa. Salla a zaune. Bayan gida a sa kafinta ya yi mata kujera mai rami.

"Sai abu na ƙarshe," in ji shi, yana kallona, "don na san mutanenmu. Gaisuwa. Ko wane ne ya shigo, daga zaune za ta gaishe shi. Ko wane ne fa, Malam."

Na yi dariya na ce, "Likita, wannan ka bar shi a hannuna. Ba a haifi wanda zai sa ta durƙusa a gidana ba."

Har yau in na tuna wannan cika bakin sai in ji kamar in tona rami in shige.

Aka yi aiki lafiya, bayan kwana biyu muka dawo Daura. Abin da ya fara ba mu wahala shi ne aikin bai bar abin nunawa ba. Mata za su cika ɗaki sun zo dubiya, suna jiran su ga ɗinki tun daga cinya har ƙwauri, sai a nuna musu filasta biyu 'yan mitsi-mitsi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe haɓa ta ce, "Au, wannan ne aikin da aka je har Kano? Ai ko sakiyar wanzami ta fi wannan baki." Kowa ya yi dariya, maiɗakina ma ta yi, amma na ga maganar ta shige ta. Mace ce da ba ta saba zama ana yi mata hidima ba, ga shi ciwon ya lafa, a ganinta kamar mutane na cewa son jiki ne kawai take yi.

Yayarta ce ta zo daga gidanta ta zauna da mu don girki da kula da ita. Babbar mace ce, mijinta ya rasu, kuma ba ta da rufi a baki, abin da ta gani shi take faɗa. Ni kuma na zama dogari. Na rubuta dokokin likita da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar ɗaki. Na sa aka yi kujerar bayan gida, na sa aka ɗaure keken ɗinki da tsumma don kada zuciyarta ta raya mata. Ba wanda ban yi wa lacca a kan guringuntsi ba. Ranar da gwaggonta ta zo, maiɗakina ta yunƙura za ta sauko daga gado, na daka mata tsawa a gaban tsohuwar, har gwaggon ta tafi tana cewa boko ya gama da ni. Ban damu ba, alfahari ma nake yi. Yayar takan kalle ni ta ce, "Malam, Allah dai ya sa wannan zafin naka ya kai ƙarshen sati shidan."

Mutum ɗaya ne ban yi wa laccar ba, shi ne mahaifina.

Baba manomi ne a wani ƙauye ta wajen Mai'adua, ni ne kuma ɗansa na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san ma'anar wannan. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, daga "kai" sai "wancan". Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kan kujera yana wurin ba. Maganar iyalina kuwa ko da wasa ba ta taɓa haɗa mu, duk haihuwar da aka yi a gidana wani ne ke kai masa labari, ni in na je sai mu yi maganar damina da farashin taki. Ba ƙiyayya ba ce, yana sona, na sani. Maiɗakina kuma yana ji da ita ƙwarai, don 'yar amininsa ce da ya rasu, shi ya nemo mini aurenta. To da za a yi aikin, saƙon da na aika masa ta bakin wani ɗan ƙauyenmu mai babur bai wuce cewa mai jiki za a yi mata aiki a Kano ba, da muka dawo kuma na aika cewa an yi an dace. Ta yaya zan aika wa Baba bayanin gwiwar matata, da yadda za ta zauna da yadda za ta tashi? Na lissafa a raina cewa damina ta kankama, ana tsakiyar noma, ba zai baro gona ba sai an yi maimai, kafin nan sati shida sun cika.

Rana ta goma sha biyu da aikin, ranar Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina duba takardun jarrabawa. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Mun fito da maiɗakina ta sha iska a gindin darbejiya, tana zaune a kan kujerar roba, ƙafarta ta dama a miƙe a kan wata 'yar kujerar katako da aka ɗora wa matashi, sandunanta a jingine da bango. Yayar tana madafa. Sai na ji tsayuwar babur a waje, na ji sallama a soro. Tun kafin a rufe baki na gane muryar Baba ce.

Na fita da sauri na tsuguna na gaishe shi. Yana tsaye da zabi biyu a ɗaure a hannu da ƙwaryar man shanu, ƙafafunsa duk taɓo. A al'adarsa in ya zo gidana a soro yake zama, ita ce ke fitowa ta gaishe shi. Ranar sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mai jiki tana ciki? Kada a taso ta, ni zan shiga." Ka ji fa, saboda tausayinta ya shiga. A nan soron, mu biyu kaɗai, ina da damar in ce masa likita ya hana ta durƙusawa. Maganar ba ta kai numfashi guda ba. Na ce a raina bari mu shiga tukuna, in ya ga sandunan ai zai gane.

Na shige gaba na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna, ni ma na tsuguna daga gefe. Sai ga shi a ƙasa, ga ni a ƙasa, ita kaɗai ce a sama kan kujera, kuma ƙafarta a miƙe tafin yana kallon fuskar Baba sak. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta ɗago ido ta dube ni. Shekara ashirin muna tare, na san abin da wannan kallon ke nufi. Tambayata take yi, in zauna ko in sauka? Jira take in buɗe baki in yi abin da na yi a gaban gwaggonta.

Shekaru da yawa in ina ba da labarin nan, a nan nake cewa na yi shiru ne kawai, kunya ta hana ni magana. Ba gaskiya ba ne, abin ya fi haka. Idona ne ya sauka a kan tafin ƙafarta da ke miƙe wa mahaifina, na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ka har ƙafa. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya kai ga 'yar kujerar katakon, na janye ta a hankali, na sauke ƙafar ƙasa. A raina wai gyara nake yi, don kada ƙafa ta kalli babba. Ita kuwa ta ɗauka amsar tambayarta ce na ba ta, kuma ba ta yi kuskuren fahimta ba. Ta dafa hannun kujera ta zamo, ta kai gwiwoyinta biyu ƙasa, ta zauna a kan dugaduganta kamar yadda ta saba yi masa tun tana amarya.

"Baba, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Yaya ƙarfin jikin? Ashe har kin samu sauƙi haka, masha Allahu."

Na ga farin ciki a fuskarsa, don a ganinsa durƙuson nan alamar warkewa ce. Gaisuwar Baba kuwa ba ta gaggawa ba ce. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mutanen gidansu, ya ba ta labarin yadda gero ya yi kyau bana, ya isar da gaisuwar matan ƙauye kowacce da sunan ɗanta. Ita tana amsawa da "lafiya lau" da "Allah ya saka da alheri", muryarta ba ta ko rawa. Ni kaɗai nake ganin gumin da ke gangarowa ta gefen kunnenta, da yadda ta damƙe bakin mayafinta har jijiyoyin hannunta suka fito. Kowace daƙiƙa ina ce wa kaina yanzu zan yi magana, yanzu zan ce ta koma kujera. Sai ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ya yi wa mahaifinta da ke kabari, ya yi wa zuriya, ya roƙa mata lafiya mai ɗorewa. Na ɗaga nawa hannun ina cewa amin, alhali na san abin da ke lalacewa a cikin gwiwar nan.

Da ya shafa ya miƙe ya ce zai leƙa kasuwa kafin azahar. Na raka shi har bakin titi. Ko da na dawo, na tarar tana nan inda na bar ta, ta kasa tashi, yayar ta fito daga madafa tana ƙoƙarin ɗaga ta. Garin ɗagawa ƙafar ta murɗe a ƙarƙashinta, ta yi wata 'yar ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba ko a wurin haihuwa. Muka kinkime ta zuwa gado. Yayar ta juyo ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Ina dogarin? Ina mai takarda a ƙofa? Gwaggo ce dai marainiyar wayonka ko?"

Kafin la'asar gwiwar ta kumbura suntum, ta ɗau zafi. Na zauna a bakin gado na fara kame-kame, ina cewa ai da ba ta sauka ba, ai ta san abin da likita ya ce. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali, fuskarta na kallon bango, "Malam, na dube ka fa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar Litinin muka koma Kano. Likita ya zuƙe jini daga gwiwar da sirinji, ya tambayi abin da ya faru. Kafin in buɗe baki ta riga ni, ta ce zamewa ta yi a tsakar gida saboda an yi ruwa. Ya dube ta, ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai na bar ƙaryar ta zauna. Ya ce ba abin da za a iya sani yanzu, a sake lissafin sati shida daga farko, a jira. Muka jira. Wannan karon ba takarda a ƙofa, ba lacca, jikina ya yi sanyi. Ta ajiye sanduna, ta fara takawa, wata na uku kamar abin zai yi, har ta kwance tsumman keken ɗinki. Wata na biyar ƙarar tsakuwar nan ta dawo. Da aka sake ɗaukar hoto, likita ya nuna mana ramin, bai cike ba sai ɗan gefe-gefe.

Da maiɗakina ta fita, na tsaya na gaya masa gaskiya duka, har janye kujerar. Na so ya zage ni, ko kuma ya wanke ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Malam, ba zan rantse maka cewa durƙuson ne ba. Aikin nan wani lokaci ko an kiyaye komai ba ya kamawa. Amma ba zan kuma ce maka ba shi ba ne." Ya ce akwai wasu hanyoyin, ana iya ɗebo guringuntsi da ɗan ƙashinsa daga gefen gwiwa a dasa a ramin, amma nata ramin ya ƙara faɗi, gefen ma ya fara laushi, ba ya ganin dashen zai zauna. Abin da ya rage shi ne magani da gashi da sanda, har zuwa lokacin da shekarunta za su kai a sa mata gwiwar ƙarfe. Na fito daga ofishin nan da nauyin da har yau ban sauke ba, don da ya ce mini laifina ne kai tsaye, da na fi samun sauƙi.

Baba bai san komai ba sai bayan kaka. Yayar ce ta je ƙauyen ta'aziyya, ya tambaye ta mai jiki, ita kuwa ta zazzage masa komai. Kwana biyu sai ga saƙo wai yana nemana. Na same shi a gona shi kaɗai yana ɗaure kara. Na tsuguna na gaishe shi bai amsa ba, ya ci gaba da ɗaurinsa har sai da ya gama damin. Sannan ya zauna a kai, ya yi abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife ni, ya dube ni cikin ido.

"Kai, ashe dodo ka mai da ni?"

Na ce, "Baba, kunya ce ta..."

"Kunyar wa? Ni na ce maka ina son gaisuwar da za ta nakasa 'yar mutane? Amana ubanta ya bar mini. Na baro gonata na je in duba ta, ashe zuwa na yi in karya ta, ina zaune ina ta zuba addu'a yarinya na cin wuya a gabana. Kai kana gani. Kai da ka yi karatun, kai da likitan ya gaya wa." Ya share ido da bakin rigarsa. "Ka ɗora mini haƙƙin da ban san na ɗauka ba. In Allah ya tambaye ni, me zan ce?"

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a rasuwar mahaifiyata ban gani ba.

Washegari ya ce in ɗauke shi a babur zuwa Daura. Da muka isa ya tsaya a soro, ya ƙi zama. Ya matsa jikin ƙofar da ke shiga tsakar gida, ya tsaya ta bayan bango inda ba za ta gan shi ba, ya ɗaga murya.

"'Yata, ni ne. Kada ki motsa daga inda kike. Na haɗa ki da Allah kada ki motsa."

Daga ciki na ji ta ce, "To, Baba."

"Zuwa na yi ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Sai na ji kukanta. Tana cewa, "Baba, ka daina, ba ka yi mini komai ba, don Allah ka daina." Shi kuma ya dage sai ta furta da bakinta. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, yana tsaye a bayan bango yana roƙon gafarar matar ɗansa, ni ina tsugune a gefe kamar an dasa ni. Sai da ta ce ta yafe duniya da lahira sannan ya sauke ajiyar zuciya ya zauna. Ya san halinta, ya san ko ya hana ta, muddin ta gan shi sai ta kai ƙasa. Saboda haka daga ranar har ya koma ga Allah bayan shekara huɗu, bai ƙara yarda sun haɗa ido ba. Ta bayan bango suke gaisawa, in mun je ƙauye kuma sai ya bar gidan kafin ta shiga. Wato bayan gwiwar, na kuma raba ta da ganin fuskar mutumin da ya zame mata uba.

Washegarin zuwan Baba ɗin nan, da gari ya waye na same ta na nemi tawa gafarar, na kuma faɗi abin da na yi da sunansa, ban ce kunya ba, ban ce mantuwa ba. Ta ce ta daɗe da yafewa, abin da take jira kawai shi ne ta ji na faɗa.

Yau da sanda take tafiya, a kan kujera take salla, keken ɗinkin kuwa tuni ta ba wa babbar 'yarmu. Ba ta taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ni ban daina ganin girman kunya ba, da ita aka raine ni, da ita na raini 'ya'yana. Amma na gane cewa abin da ya riƙe bakina ranar nan ba girmama Baba ba ne, don shi da na tambaye shi da ya zaɓi lafiyarta sau dubu. Kaina na tsare, don kada a ga ɗan fari yana kare matarsa a gaban ubansa, na bar ta ta biya da ƙafarta. Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk wanda zai kai mara lafiya gida, shi ne in an ba ka amanar jikin wani, to mutumin da ka fi jin nauyi shi za ka fara gaya wa dokar, tun kafin ya tako ƙofar gidanka. Jin nauyin na ɗan lokaci ne, ya wuce a manta. Ita kuwa shekara goma sha wani abu ke nan kullum da asuba sai na ji ƙarar sandarta a tsakar gida tana tafiya alwala.